Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Muka Rubuta Bashinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana Malam ya karɓi Adaidaita Sahu a hannun wani Alhaji a ƙarshen 2022, bisa sharaɗin zai riƙa biya duk mako har ta zama tasa. Mun yi murna sosai a lokacin. Mutumin da ya yi shekaru yana kai wa wani balas kullum, aka ce masa wata rana mashin zai zama nasa, dole ya ga hanya ta buɗe. Sai dai duk lissafin da aka ƙulla yarjejeniyar a kansa, lissafin lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba ne.

Lissafin bai je ko'ina ba. A farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, fasinja ya hau ya ce sai dai taransfa, taransfar kuma ta maƙale. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500, a watan Yuli ta wuce 600. Direbobi sun ƙara kuɗin mota, mutane kuma suka koma tafiyar ƙasa. Malam yakan ce daga Rijiyar Lemo har Bata zai riƙa ganin mutane a gefen titi suna takawa, yana danna musu hon ba mai waiwayowa. Kuɗin Alhaji na mako kuwa yana nan yadda yake, bai ragu da ko sisi ba.

A cikin gida ni ce na fara ganin canjin, domin a hannuna cefane yake sauka. Tukunyar gas ce ta fara tafiya hutu, muka koma gawayi, daga baya gawayin ma sai na haɗa da ƙirare. Nama ya zama na ranar Juma'a, daga nan ya ɓace. A farkon 2024, lokacin da mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, mu a gidanmu afafata muke ci, wato karyayyar shinkafar nan da a da masu kiwo suke saye. Sai na zauna na tsince ta, na wanke ta ruwa bayan ruwa, kuma duk da haka Auta sai ya tauna tsakuwa. Ruwan ma sayensa muke a wajen 'yan garuwa, jarka-jarka. Shi ya sa har yau raina yake ɓaci idan na ji wani a rediyo yana cewa talaka ya koyi tattali. Wanda ya riga ya koma cin abinci sau biyu a rana, me ya rage masa da zai rage?

A nan bashi ya fara shigo mana, kuma ta ƙofar da kowa ya sani ya shigo: shagon bakin layi. Mai shagon namu dattijo ne, yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙarƙashin kwalin ashana. Kowane gida da shafinsa. Zan aiki Ummi ta karɓo ƙullin mai, magi, ƙullin suga, rabin kwanon garin masara, ya lashi yatsa ya buɗe shafinmu ya rubuta. A da duk Asabar Malam yake zuwa ya goge. Sannu a hankali ya koma ragewa, shafi ya cika aka juya na biyu. Ni kuma ina cikin adashen matan layi, na riga na yi kwasar farko na biya kuɗin makarantar yara, saura zubi da yake jirana duk mako har zagaye ya ƙare. Ga mai kemis da muka karɓi maganin zazzaɓin Auta a wajensa da damina. Ga kuɗin haya da wa'adinsa ya wuce.

Waɗannan duk na san da su. Akwai wanda ban sani ba.

Ranar 1 ga Agusta 2024 aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikiɗe a Kano, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, daga baya aka riƙa sassauta ta kaɗan-kaɗan. Mai albashi yana gida albashinsa yana tafiya. Mai Adaidaita kuwa ranar da bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Mashin ɗin ma da aka samu damar fita sai ya buga inji, makaniki ya rubuta kayan da za a sayo a Ƙofar Ruwa. A wannan tsakanin ne wani abokin sana'ar Malam ya nuna masa manhajar bashi a waya. Ba jingina, ba shaida, ba wanda zai gan ka. Ka sa lambar BVN, ka ɗauki hoton fuskarka, ka danna amincewa, kuɗi su shigo. Ya nemi naira 30,000, suka cire nasu tun a sama suka turo masa abin da bai kai haka ba, suka ce ya dawo da fiye da abin da ya nema cikin mako guda. Da wa'adi ya cika ba shi da su, sai ya ci a wata manhajar ya biya ta farko. Kafin Satumba, lokacin da lita ta doshi naira 1,000, manhaja uku ke binsa, kowacce tana ƙara tara a kullum.

Abin da bai lura da shi ba, amincewar da ya danna ta ba su damar kwashe duk lambobin da ke wayarsa. Wata safiya ina tsaka da tace awara, Yaya ya kira ni daga Kantin Kwari inda yake yaron shago. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ke, me ke faruwa a gidanku?" Ya karanta mini saƙon da aka turo masa da Turanci, da sunan Malam da hotonsa, wai ɓarawo ne mai cin kuɗin mutane, duk wanda ya san shi ya guje shi. Saƙon ya je wa Limamin masallacinmu. Ya je wa Alhajin mashin. Ya je wa mahaifiyar Malam a ƙauye, tsohuwar da sai da ta nemi yaron maƙwabta ya fassara mata. Na zauna a bakin murhu, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, ruwan awarar ya tafasa ya zube ina kallo.

Malam bai shigo ba sai bayan isha'i. Na kai masa tuwo, ya wanke hannu, ya zauna yana kallon kwanon. Mutumin nan bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ko canjin naira 50 fasinja ya manta sai ya bi shi da shi. Na ce, "Malam, ci abincinka tukuna." Ya ce, "Kin gani ko?" Na ce na ji. Ya ce ya ɓoye mini ne don kada ya ƙara mini damuwa a kan wadda nake ciki. Ban ce masa komai a kan wannan ba. Na tashi na yago takarda daga tsakiyar littafin lissafin Ummi, na ɗauko biro, na kunna fitilar waya tunda ba wuta. Na ce, "Faɗa mini su duka, har na naira 100. Ni ma zan faɗi nawa."

Mun kai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Yana faɗa ina rubutawa, sunan mai bin bashi, nawa ne, yaushe aka yi alkawari. Wasu sai ya yi shiru ya tuna, kamar kuɗin mai shayi da na mai faci. Da muka tara, jimillar ta haura naira 400,000, ban da ragowar kuɗin mashin. Na ga ya dafe kai. Ni kuwa, Allah ya sani, a wannan daren na fara samun barci. Watanni ina jin nauyin abin da ban san girmansa ba, yau ga shi a takarda ɗaya, kuma da na duba sai na ga guda uku ne kawai suke ƙaruwa da kansu muna barci. Sauran duk suna tsaye inda aka bar su, kuma masu su mutane ne da muke gaisawa.

Washegari Yaya ya zo, suka tafi wajen Liman tare bayan azahar. Malam ya ce Liman bai yi masa faɗa a gaban mutane ba, ya ja su soro. Ya gaya masa bashin ruwa riba ce, ya rabu da shi da gaggawa ya nemi gafarar Allah. Sannan ya tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umarni a rubuta shi a kafa shaidu. Ya karanta masa ta 280, wadda ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Ya ce masa, "Amma fa kai za ka je ka same su. Kada ka bari su zo su same ka." Ranar Juma'a kuma ya ja hankalin jama'a a kan waɗannan manhajoji ba tare da ya kama sunan kowa ba, kuma daga baya muka gane ba gidanmu kaɗai abin ya shiga ba a layin.

Na waya muka fara kashewa. Na aika aka kira dillaliya. Ta zo ta zauna a tabarma, na fito mata da firjin da aka kawo ni da shi, wanda dama rashin wuta ya mayar da shi ma'ajiyar kwanuka, da atamfofi uku na lefe da ban taɓa ɗinkawa ba, da tukunyar gas. Ta juya su, ta taɓe baki, ta taya da farashin da ta san mai buƙata ba zai iya ƙi ba. Na ce a sayar. Atamfa ɗaya, mai ruwan ganye, sai da na riƙe ta a hannu na ɗan jima kafin na miƙa, domin marigayiya Innata ce ta zaɓe ta da kanta. Yaya ya cika mana abin da ya rage, da sharaɗin mu biya shi bayan kaka. Malam ya biya manhajojin uku, ya ajiye shaidar biyan, ya goge su daga wayar. Sun ci gaba da turo saƙo suna cewa yanzu ya cancanci bashi mafi girma.

Daga nan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya da takardar a aljihu. Mai shago ya saurare shi har ya gama, sannan ya buɗe wani shafi a ƙarshen littafin nan ya nuna masa. Bashin da dilolin Kasuwar Singa suke bin sa ne shi ma. Ya ce, "Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke kashe ni shi ne mutum ya ci ya canja layi." Suka yi magana a kan za a rufe tsohon shafi, Malam ya riƙa kawo naira 500 kullum da daddare, abin da za mu saya daga yau kuma kuɗi hannu. Uwar adashe ta yarda in raba zubina biyu. Mai gida ya yi faɗa, ya ambaci notis, daga ƙarshe ya karɓi rabi ya ba mu zuwa Disamba. Mai kemis cewa ya yi a bar maganar sai mun samu.

Cikin gida kuma na canja tsari. Na samu gwangwanayen madara biyu, ɗaya na jarin awara, ɗaya na riba. Na jari ko Auta zai yi kukan biskit har ya gaji ba na buɗe shi, don na ga matan da suka cinye jarinsu da naira 100 yau, naira 200 gobe. Yara biyu muka mayar da su firamaren gwamnati, Islamiyya kaɗai muka bari muna biya. Ranar da Ummi ta sa sabon yunifom ta tambaye ni ko ƙawayenta za su gane dalili, na ce ta gaya musu gaskiya. Anko na daina, ko na wa ne. An yi bikin 'yar ƙanwar Malam na je da tsohon leshina, na ji abin da aka faɗa a bayana, na ci shinkafata na dawo. Da kaka ta yi, mu huɗu a layi muka haɗa kuɗi, Malam ya kai mu Dawanau muka sayi buhun masara muka raba kwano 10 kowacce, da waken suya na sana'a. Bambancin sayen buhu da sayen ƙulli-ƙulli a shago ba kaɗan ba ne, sai dai talaka ba ya iya kaiwa gare shi shi kaɗai.

A ƙarshen Oktoba aka ce gwamnatin Kano ta amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Na taya maƙwabciyata murna, mijinta masinja ne. Mu da ba mu da suna a takardar albashin kowa, fatanmu kawai ma'aikata su samu su dawo hawa Adaidaita.

Saura mutum ɗaya a takardar, kuma shi ne babba. Alhajin mashin yana bin Malam kuɗin makonni da dama, kuma a yarjejeniyar da aka sa hannu an rubuta cewa idan aka saɓa biya yana da ikon karɓe mashin ɗinsa, ba tare da an fayyace makomar kuɗin da aka riga aka zuba ba. Malam ya biya fiye da rabi. Tun ranar da saƙon nan ya shiga wayar Alhaji bai ƙara ɗaga kiran Malam ba. Ya je gidansa aka ce ya yi tafiya, ya koma aka ce yana barci. Sai wata Laraba da yamma yaron Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce Alhaji ya ce Malam ya zo ranar Asabar da safe, ya taho da mashin, da takardunsa, da wani babba nasa.

Yadda zaman ya kasance, da abin da Yaya ya faɗa wa Alhaji a gaban mutane, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.