Wasiƙa Daga Cass, Inda Jirgin Katako Bai Daina Hayaƙi Ba

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne daga jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, bayan na yini a wani ƙauye mai suna Cass, a gaɓar kogin Greenbrier. Na tashi a Zariya ina jin kukan jirgin ƙasa, amma sai a cikin waɗannan tsaunuka na fara ganin kan jirgi mai tururi da ransa, yana cin kwal, yana shan ruwa, yana tura taragai cike da mutane.

Kamfanin takarda na West Virginia Pulp and Paper ne ya kafa garin a farkon ƙarni na 20, ya sa masa sunan Joseph Cass, ɗaya daga cikin shugabanninsa, kuma a 1901 aka fara shimfiɗa dogo zuwa kan tsauni domin sauko da gumagumai. Gidaje na kamfani, kanti na kamfani, injin tsaga katako na kamfani, har garin ya tara mutum wajen 2,000. A 1942 kamfanin Mower ya saye harkar, ya ci gaba da sara har zuwa 1960, lokacin da aka rufe injin, ma'aikata suka watse.

Abin da ya faru cikin watannin da suka biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. An riga an miƙa dogon da injunan ga masu sayen tsohon ƙarfe, irin 'yan gwangwan ɗinmu amma da babban jari, har sun fara ɓamɓare layi. Sai wani mai sha'awar jiragen ƙasa daga Pensilbeniya, Russell Baum, tare da wasu 'yan kasuwar yankin, suka dinga kai kuka gaban majalisar dokokin jihar, suna cewa wannan dogo zai iya ciyar da garin da kuɗin baƙi kamar yadda ya ciyar da shi da katako. Majalisa ta amince a 1961, gwamnati ta saye, jirgin farko na masu yawon buɗe ido ya tashi a watan Yunin 1963, kuma a wannan shekara kaɗai fiye da mutum 20,000 suka hau. Da sun yi jinkirin shekara guda, da babu abin da za a nuna wa kowa sai hotuna.

Injunan nasu ba su yi kama da jirgin da muke gani a hoto ba. Yawancinsu ƙirar Shay ne, daga sunan Ephraim Shay, wani mai sana'ar katako wanda ya gaji da yadda gumagumansa ke maƙalewa a daji, kuma a garin Lima na jihar Ohayo aka ƙera su. Tukunyar tururin ta ɗan karkata hagu, a dama kuwa akwai silinda uku a tsaye suna juya wata doguwar sandar ƙarfe wadda ta bi gefen injin, haƙoranta suna cizon kowace ƙafa, ta yadda babu ƙafar da ba ta ja. Shi ya sa idan ka rufe ido za ka rantse jirgin yana sheƙa gudu, in ka buɗe sai ka ga mai keke zai wuce shi. An sayar da sauri an sayi ƙarfi. Manyan layukan dogo ba su cika wuce tashin mita 2 a kowace mita 100 ba, amma a nan akwai inda ake tashi mita 9, har da wurare biyu da jirgin ke tsayawa cak, a juya masa layi, ya ci gaba da hawa da baya, domin tsaunin bai bar filin yin kwana ba.

Shay mai lamba 5 yana kan wannan tsauni tun 1905, kuma har yau yana aiki. Mai lamba 6, wanda aka ƙera a 1945, shi ne autan Shay a duniya, nauyinsa tan 162. Na daɗe a tsaye ina kallon mai zuba kwal, saurayi ne da bai kai talatin ba, yana cika shebur yana watsa wa wuta, direba na zagayawa da butar mai yana ɗiga wa haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya. A nan na fahimci cewa abin da mutanen Cass suka ceto ya wuce ƙarfe. Babu kantin da ake sayar da kayan gyaran injin da aka daina ƙerawa tun 1945, saboda haka a garejinsu suke ƙera abin da ya lalace, kuma sai wani ya koya daga bakin wani. Injin da aka girke a bainar jama'a aka shafa masa fenti ba ya buƙatar wannan ilimi, shi ya sa ilimin kan bi masu shi zuwa kabari.

Tafiyar zuwa Bald Knob, kan tsaunin da dogon ya ƙare, kilomita 18 ce, amma zuwa da dawowa kan ci sa'a huɗu da rabi. Ana bi ta tashar Whittaker, inda aka sake gina sansanin masu sara da ɗakunan kwanansu da na'urar ɗaga gumagumai, a gaba kuma a tsaya jirgi ya sha ruwan ƙorama. A ƙololuwa, mita 1,476 sama da teku, sanyi ya sa na ƙara riga, kuma daga can ana hango farin faifan Green Bank mai sauraren sararin samaniya, wanda saboda shi waya ba ta kamawa a yankin.

Sai dai a can saman ne zuciyata ta yi nauyi. Duk dajin da ido ke gani sabon tofo ne. Dajin asali, mai itatuwan da suka shekara ɗaruruwa, wannan jirgi da ire-irensa ne suka sauko da shi, har ya zama kafin 1920 ta wuce an sare mafi yawan tsohon dajin jihar, gobara ta bi busassun rassan da aka bari, ruwa ya wanke ƙasa. Na ji daɗi da mai yi mana bayani bai ɓoye wannan ba. Wanda ya san yadda buhunan gawayi ke fita daga dazukanmu ba zai iya jin wannan labari a matsayin na nesa ba.

A hanyar saukowa, masu birki suna riƙe da sitiyarin birkin kowane tarago, ni kuwa tunanina yana kan ƙaramin dogon nan na Bauchi, wanda ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru tun 1914 domin kwasar kuza. Shi ma don ɗebe arzikin ƙasa aka shimfiɗa shi, shi ma ya hau tudu da ƙyar, kuma an rufe shi a 1957, shekara uku kacal kafin a rufe na Cass. Namu an cire layinsa.

Roƙona gare ku ƙarami ne. A Zariya da Kafanchan da Minna da Jos akwai sauran dattawan reluwe waɗanda suka zuba kwal ko suka riƙe birki a zamanin jirgin tururi. Duk wanda yake da irin wannan baba ko kaka a gida ko a unguwa, don Allah ya zauna da shi da waya a hannu, ya tambaye shi yadda ake tayar da wuta da asuba, da wuraren da jirgi ke shan ruwa, da sunayen da suke kiran kayan aikinsu, ya naɗa ya adana.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a Amurka