Kuɗin da na zuba a salansa, da taya na saya

Ranar da aka sauke min motar a bakin wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa, yaran unguwa sun yanyame ta kamar an kawo amarya. Mazda MX-5 ce 'yar Kwatano, ja, kujera biyu, rufin tamfol, ƙasa-ƙasa da ita, sai ka rusuna za ka shiga. Shekarata 26 a lokacin, ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari, kuma duk abin da na tara cikin shekara uku a kanta ya ƙare. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne ƙannena da ke tare ni a majalisa suna cewa, "Yaya, na samu 'yar mota, ina son shiga wasan tseren mota, me zan fara sa mata?" Amsar da suke jira ita ce sunan wani ƙarfe da za su ɗaura wa inji. Ni ma ita na nema a wancan lokacin, na kuma samu masu ba ni. Ta ci min kuɗi, ta kusa sa ni ɗaukar ran bawan Allah.

Wasan da nake magana a kai Turawa na ce masa otokuros. Mu a tsakaninmu tseren agogo muke cewa, domin da agogo kake tsere, ba da wata mota ba. Ana samun killataccen fili mai kwalta ko siminti, a jera robobin nan masu siffar mazurari irin na masu aikin titi, a fitar da hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti ɗaya ba, da wuya gudun ya kai kilomita 100 a awa, kuma kusan duk hanyar a giya ta biyu ake cinye ta. A Amurka ƙungiyar masu wasan mota ta SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ta yi suna wajen shirya shi. A dokarta, duk robar da ka kayar za a ƙara maka daƙiƙa 2, idan kuwa ka tsallake wata ƙofa, zagayen ya tashi a banza. Dokar muka ara. Wasa ne na juyi da birki, shi ya sa MX-5 ta yi fice a cikinsa. Tun da aka fito da ita a 1989 ba a taɓa yi mata kirarin ƙarfi ba. Ta farko injin 1.6 gare ta, nauyinta bai kai kilo 1,000 ba. Tayoyin baya ke tura ta, nauyinta kuma ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Tawa samfuri na biyu ce, irin wadda aka fara yi a 1998.

Abin da na fara saya salansa ce. Ƙatuwa, mai ƙyalli, idan na taka totur a Titin Gidan Zu sai mutane su waiwayo. A kunnena motar ta ƙara ƙarfi, amma agogo ba ya jin ƙara. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Daga nan na kai ta wajen mai walda ya yanke mata sifirin da wutar gas don ta ƙara kwanciya. A ido ta yi kyau ƙwarai. Abin da ban sani ba shi ne wutar tana kashe ƙarfin ƙarfen, kuma idan ka rage tsawon sifirin ka bar tsohuwar shokozoba, ka cinye tazarar da ƙafar mota ke da ita ta hawa da sauka. Da ta shiga kwana sai ta zauna daram a kan robar ƙarshe da ke tare ƙafar mota idan tazarar ta ƙare, ta fara tsalle, taya ta riƙa sakin ƙasa. Ban da wahalar tudun rage gudu da ramukan damina, da kullum cikinta ke gurzar ƙasa.

Mun samu izinin wani dattijo mai masana'anta a Sharaɗa, ya ba mu farfajiyar da tireloli ke juyawa, ranar da ba a aiki. Ranar farko mu bakwai ne. Cikinmu akwai wani magidanci, tsohon direban dogon zango da ya koma makanikanci, kowa Baba yake ce masa. Da Golf ya zo, irin wadda ake lodin fasinja a tasha, babu abin da aka canza mata. Ya shiga shiru, ya fito shiru, ko ƙarar taya ban ji ba. Ni kuwa na shiga da hayaniya, hayaƙin taya ya turnuƙe, na kayar da roba uku. Ko ba a lissafa robobin ba, ya ba ni ratar daƙiƙa 4. A wasan da ake rabuwa da kaso ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wannan rata ce mai girma.

Baba ya zagayo ya durƙusa gaban tayata ta gaba. Ya tofa yawu a yatsa ya goge ƙurar gefenta, ya ce, "Ɗana, zo ka karanta min wannan." Lambobi huɗu ne cikin wani ɗan zagaye, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2018. Nawa da muka lissafa, wadda ta fi ƙuruciya ta shekara takwas. Beljiyam ne na saya don araha, zanensu a cike, shi ya ruɗe ni. Ya danna farcensa a robar, ta ƙi lotsawa. Ga wasu siraran tsage-tsage a gindin zanen kamar faso. Kuma huɗun kamfani uku ne daban-daban.

Ku tsaya a nan, ƙannena, domin nan ne zuciyar maganar. Duk ƙarfin inji, duk kamun birki, duk juyin sitiyari, ta wuri huɗu suke isa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin Kano kuma yana gaggauta mata, musamman a Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40. Taya ta bushe, ta daina kama ƙasa, ko da zanenta sabo fil. Kuɗin salansa da na mai walda, da na haɗa su na ɗan cika, da sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya na saya. Kuma iska ma ilimi ce. Kada ka dogara da geji na mai faci, ka sayi naka. Ka auna da safe taya na sanyi, ka sake aunawa da ka fito daga zagaye, za ka ga ta ƙaru saboda zafi. Ka shafa alli a kafaɗar taya kafin ka shiga: idan allin ya goge har ya gangaro gefe, tayar na kwanciya a kwana, ƙara iska kaɗan, idan ko gefen zanen bai taɓu ba, iskar ta yi yawa. Ka riƙa rubutawa a littafi.

Duk wannan Baba ya faɗa min a ranar. Na ji da kunne, amma zuciyata ta ce rashin gwaji ne kawai ya sa aka wuce ni. Tun da filin sau ɗaya ake ba mu a wata, sai na fara fita titi bayan sallar asuba, ina ganin babu kowa.

Wata asubar hunturu, hazo ya rufe gari, na shiga wani shataletale da gudu ina gwada yadda zan fita daga kwana. Rairayi ya taru a gefen kwalta kamar yadda yake taruwa a titunanmu. Da tayoyin baya suka hau shi, gindin motar ya kwashe. Na juya sitiyari a makare, na taka birki, ƙafata ta nutse kusan har ƙasa. Sai ga ɗan ga-ruwa ya ɓullo daga hazo yana tura kurarsa. Allah ya ba shi sa'a ya saki kurar ya yi tsalle cikin kwata. Na ji ƙarar ƙarfe, na ga jarkoki suna birgima a titi, ruwa na malala. Na fito jikina na rawa. Mutumin ya girme ni nesa, yana zaune bakin kwata riƙe da wuyan hannunsa, takalminsa ɗaya ya yi gefe. Bai zage ni ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, me na yi maka?" Har yau ina jin muryar nan.

Hannun ya karye. Wata biyu bai tura kura ba, yana da iyali a ƙauye da ke jiran abin da zai aika. Yayana ya biya asibiti, ya sayi sabuwar kura, ya sa ni kai masa cefane duk Juma'a da ƙafata. Mutumin ya yafe min, amma ni na san taku biyu ne tsakanina da ɗaukar rai. Titi na masu neman abinci ne: ɗan ga-ruwa, mai adaidaita sahu, almajiri, tsohuwa mai kai ƙosai. Wasan mota da ake yi a titi ranar biki ko sallah ba shi da alaƙa da abin da nake koya muku. In babu killataccen fili da izinin mai shi, a haƙura.

Makullin motar ya yi wata huɗu a aljihun Yaya. Da ya dawo min da shi, sharaɗinsa ɗaya ne: komai a hannun Baba. Shi kuwa Baba bai taɓa komai na ƙarin ƙarfi ba. Da birki ya fara. Man da ya tatso daga ciki baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Man birki yana shan danshin iska, idan ya sha sai ya riƙa tafasa da wuri, tururi ya shiga layi, feda ta yi laushi. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuwa 230, amma tsohon mai ya yi ƙasa da haka sosai. Nawa ga tsufa, ga iska a layi. Ya zuba DOT 4 daga sabuwar gwangwani da aka buɗe a gabana, ya ce kada in wuce shekara biyu ban canza ba, kada kuma in yarda a haɗa min da DOT 5, domin shi jinsinsa daban ne.

Sai ruwa. Kan lagireton motar roba ne, asalinsa baƙi, nawa ya koma ruwan ƙasa, alamar ya gasu yana dab da fashewa. Ya canza shi. Ya tarar an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a garin nan da sunan maganin zafi. Ya mayar da ita, ya ce inji yana da zafin da aka tsara masa, kuma ruwan rijiya zalla tsatsa yake haifarwa, a sa ruwan lagireto na gaskiya. Ya canza bel ɗin taimin tun da babu wanda ya san shekarunsa, ya yi juyen baƙin mai, ya ɗaure batir da ƙarfe don kada ya yi yawo a kwana. Yankakkun sifirin ya zubar, muka nemo na asali da sababbin shokozoba. Daga ƙarshe alaimen: MX-5 tana da kusoshin da ake juyawa a ɗan karkatar da saman taya ciki, yadda idan mota ta jingina a kwana tayar waje za ta zauna da dukan faɗinta. Kaɗan ake yi, in ya yi yawa cikin taya zai cinye a tuƙin yau da kullum. Hular kwano ma ya sa na ajiye ta 'yan acaɓa na sayi ta gaske, ya duba bel ɗin kujera da hannunsa. Inji dai har yau yadda Japanawa suka ƙera shi yake.

Abin da ya rage shi ne ni. Baba ya zauna a gefena zagaye bayan zagaye. Laifina na farko idona yana kan robar da ke gaban bamba. Ya riƙa cewa, "Ɗago kai, dubi ta uku." Inda ido ya tafi, can hannu ke bi. Na biyu, ina afkawa kwana da gudu, gaban mota ya ƙi juyawa, tayoyi na kuka, ni kuma ina ƙara murɗa sitiyari. Ya ce sauri ya haifi nawa: gama birkinka mota na miƙe, shiga a natse, ka taka totur a hankali kana warware sitiyari. Kukan taya da nake taƙama da shi, ashe lokaci ne ke zuba. A layin robobi da ake saƙawa hagu da dama, ya koya min fara juyi tun kafin in iso roba, in wuce ta da tayar baya kamar zan shafe ta. Kuma ya hana ni canza abu biyu a rana ɗaya. In ka taɓa iska, kada ka taɓa alaimen, don ka san wanne ya yi aiki. Sai a wata na bakwai na kamo lokacin Golf ɗin nan, da daƙiƙar da ba ta cika ɗaya ba.

Wanda ba shi da irin motata kada ya ce an bar shi a baya. Civic, Golf, Starlet, duk suna shiga, muddin birki na kamawa, taya na da rai, babu abin da ke yoyo. In za ka zo, ka kwashe komai daga cikin mota: jak, safaya, tabarmin ƙafa, har gorar ruwa, don kada ta gangara ƙarƙashin feda. Ka duba notinan taya da sifana. Ka zo da geji, da alli, da littafi, da ruwan sha mai yawa. Ka iso kafin ƙarfe 7, domin sai mun taka hanyar da ƙafa sau biyu, mun share rairayi, kafin a tayar da mota ta farko.