Jakin ƙarfe a soron gidanmu

Asabar, bayan sallar isha'i.

Ciwon baya ne ya tashe ni yau, tun kafin ladan ya kira assalatu. Jiya na wuni a tsugune ina fama da sarƙar wata Boxer, mashin a ɗore kan bulo biyu, ni kuma a lanƙwashe kamar mai wanke-wanke. Da na idar da sallah na ce yau kam sai na haɗa abin ɗaga mashin ɗin nan da na yi wata uku ina zanawa a bayan kwalin taliya.

Ƙarfe takwas muka nufi Ƙofar Ruwa ni da ɗan yayata. Daga Gwammaja ba nisa. Wajen 'yan gwangwan na samu tsohon jak na ƙaramar mota, irin mai buɗewa kamar almakashi, ya yi tsatsa amma zarensa lafiya lau. Na murɗa shi har ƙarshe na dawo da shi kafin in taya, don in zaren ya cinye, kyauta ma ba na so. Mai kayan ya yi ta cewa albarka, sai da na juya zan tafi ya ce kawo. Muka ƙara da guntayen ƙarfe mai kusurwa da faifan ƙarfe ɗaya mai kauri. Yaron ya ɗora a ka yana dariya, wai "Kawu, jaki muka saya ke nan." Sunan ya bi shi.

Wurin mai walda muka tarar babu wuta. Ya ce in ina sauri sai in sa man janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan maganar ta daina zama wasa. Na saya masa lita biyu. Da ya duba zanena sai ya ce, "Malam, gindin nan ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa faɗi." Na ce a'a, ƙarfen da na saya ke nan. Ya ɗaga kafaɗa ya ja tabarau.

Tsarin ba wani abu ba ne. Firam a ƙasa, jak a tsakiya, faifan a sama, an shimfiɗa masa yankin tsohuwar taya don kar ya goge ƙasan inji. Da azahar muka gwada da mashin ɗina. Ya tashi sumul, tayar baya ta bar ƙasa, na zauna kan kujera 'yar tsuguno ina juya ta da yatsa ɗaya. Daɗi ya kama ni har na kira uwargida ta gani. Sai na sa sifana zan kwance notin tayar baya, na danna da ƙarfi, kawai mashin ya karkato. Abu ne da ya haura kilo 100. Allah ya sa yaron na riƙe da kan, madubi kaɗai ya sha bango. Uwargida ta ce "Sannu, injiniya," ta koma ciki. Mai walda ya yi gaskiya, kuma ni ma na yi wauta: noti mai tauri a ƙasa ake sassauta shi kafin a ɗaga.

Ni fa ba bakanike ba ne na asali. Acaɓa na yi har Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Abokaina da yawa suka koma Adaidaita Sahu, ni na samu aikin shago, amma hannuna ya riga ya saba da inji. Maƙwabta suka fara kawo nasu, wannan fulogi, wancan birki, har soro ya zama gareji.

Kusan komai a cikinsa haɗin gida ne. Jarka ce na yanke gefenta take tare baƙin mai, kuma lita ɗaya ce ke fita daga irin waɗannan mashina, don haka ta isa har da saura. Maganaɗisun tsohuwar sifika na liƙa a ƙasan kwanon sha, duk notin da na jefa ba ya gudu, da kuwa rabin yinina a neman noti mai lamba 10 yake ƙarewa. Ƙwan sigina da waya biyu su ne abin gwada wuta.

Wanda na fi ji da shi injin tsohon firji ne da nake ba taya iska. Yana da bakin da ke zuƙa da wanda ke hurawa. Na ɗaure ƙyalle a na zuƙar saboda ƙurar Kano, na sa tiyo a ɗayan. Ba ya ƙara, amma saiɓi gare shi, kuma yana tofar da mai, mai kuwa yana lalata roba, shi ya sa na sa matatar man mashin a tsakani, ina kuma ɗan ɗiga masa mai lokaci-lokaci. Wani ya ba ni shawara in haɗa shi da tsohuwar tukunyar gas ta riƙa tara iska. Na ƙi. Injin nan ba ya tsayawa da kansa, ga yara suna wucewa ta soron nan sau ɗari a yini. Ma'aunin iska kuwa sabo na saya, shi da sifanu, don sifanar banza kan noti take cinyewa ta bar ka da guduma da kurfi.

Da la'asar wani malamin islamiyya ya kawo Jincheng ɗinsa tana shaƙewa. Datti ne a kafireta. Na wanke da fetur, na hura da injin firjin, ta tashi bugu ɗaya. A tsugune dai na yi aikin, jaki na gefe yana kallona.

Na auna ƙasa da igiya: kowane gefe yana son ƙarin taƙi guda. Gobe da safe zan koma Ƙofar Ruwa, daga nan in wuce wurin mai walda. Na san abin da zai ce, na kuma tanadi kuɗin lita biyu.