Shekara 11 Jakata Tana Bakin Ƙofa

Makon jiya na leƙa ɗakin ɗan ƙanwata a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, na fito raina a jagule. Wata 19 ke nan da zuwansa Kumasi, amma har yau a kan tabarma yake kwana, kayansa na cikin jakar da ya zo da ita daga Kano. Na ce, "Kai, ko katifa ba za ka saya ba?" Bai ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce, "Kawu, ai ni ba zama na zo yi ba."

Ni ma da bakina na taɓa yin wannan magana, kuma shekara 11 na yi ina maimaita ta.

A 1998 na sauka garin nan da keken ɗinki da niyyar shekara 2. Zango ya karɓe ni hannu bibbiyu: ga masallaci, ga Hausa a kowane lungu, ga koko da ƙosai da safe. Sai na ga ba ni da buƙatar sauran garin. Matar da nake haya a gidanta 'yar Asante ce, kullum sai ta ce mini "maakye", wato barka da asuba, ni kuwa in ɗaga hannu in wuce. A 1999 Sarkin Asante, Opoku Ware II, ya rasu, gari ya cika da baƙaƙe da jajayen kaya, mutanen da nake ɗinka wa tufafi suna cikin jimami. Ni lissafin cinikin da na rasa nake yi. Duk sidi (kuɗin Ghana) da ya shigo hannuna sai na mayar da shi naira na tura gida. Da shi na gina gida a Ɗorayi, wanda in aka haɗa kwanakin da na yi a cikinsa ba su kai 60 ba.

Amma kada a yi saurin ganin baƙina. Dattawan zango da na zauna da su sun ga 1969 da idonsu, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako 2 su bar ƙasar. Sun ba ni labarin waɗanda suka sayar da gida a kuɗin akuya. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, mun kori mutanen Ghana, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna. Wanda ya ji wannan, ta yaya zai saki jiki? Kuma ina da uwa da ƙanne a gida suna jirana. Ban yi don rowa ba.

Sai dai akwai abin da tsoron kora ba zai wanke ni daga gare shi ba. Mijin matar da nake haya a gidanta ya mutu, aka yi jana'izarsa ranar Asabar kamar yadda suka saba, na rufe ɗakina na tafi shago. Na ce akwai kiɗa da giya, kuma gaskiya akwai. To amma me ya hana ni shiga da sassafe in yi mata gaisuwa, mu da muke shan ruwan famfo ɗaya?

A 2009 haihuwa ta zo wa matata da gardama cikin dare. Mai gidan hayar nan ce ta fito da ɗaurin ƙirji ta tare mota. A asibiti aka ce ana buƙatar jini, ɗanta ya miƙa hannu, ɗan mutumin da ban je ta'aziyyarsa ba. Na tsaya zan yi godiya, sai na ga kalma ɗaya tak na sani da harshensu, "medaase". Na yi ta nanata ta ina hawaye. Daga watan nan na fara koyon harshensu, Twi, a wurin yaran gidan. Yau in na shiga kasuwar Kejetia ana kirana da sunana, kuma in na je Kano, bayan mako 2 sai in ji Kumasi nake kewa.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, ku samarin da ke Accra, Kumasi, Alƙahira ko Jidda, amma na san ba karantawa za ku yi ba. Kun fi mu laifi ma. Mu sai mu yi wata muna jiran wasiƙa, ku kuwa Kano tana aljihunku, kun san wanda ya zagi wani a Facebook jiya, ba ku san sunan maƙwabcinku ba.

Ku koyi harshen garin da ke ciyar da ku. In maƙwabci ya yi rashi, ku je, ko wane addini yake yi. Ku sayi gado.

Kuma kada ku bari fasfo ko takardar zama ta mutu, ko da kwana ɗaya. Fili a gida ma ku saya in da hali. Ni ban sayar da na Ɗorayi ba, ba kuma zan sayar ba. Na san wannan ya ci karo da abin da na faɗa a sama. Haka na rayu, ban iya warware shi ba.

Shekaranjiya na aika wa yaron da katifa. Almajirina da ya kai ya ce ya jingine ta a bango, ko ledar bai cire ba. Gobe bayan sallar asuba zan je da kaina.