Mako na biyar: koren tauraro mai wutsiya a madafin Inna

Ƴan uwa masu koyo, barkanmu da sanyi. Hazo ya rufe Tawa kwana tara ke nan, ko Zara ba ta fitowa da kyau, balle tauraro mai wutsiya. Sai na sauko daga kan soro na koma madafi.

Akwatin raba hasken nan da na ba ku labari ya gyaru. Kwalin sukari ne, da reza biyu da na liƙa baki da baki suka bar ƴar siririyar kafa, sai guntun faifan DVD a ɗaya gefen. Wancan karon kafar ta yi faɗi, launuka suka cakuɗe kamar kunu. Yanzu sai da na matse ta har gashin kai ɗaya ke wucewa da ƙyar. Na gwada da fitilar neyon ta zaure, doguwar farar nan mai merkur a ciki, layukan launin da akwatin ke rabawa suka fito tsaf, kore da shuɗi na merkur, kowanne a wurinsa.

Abin da ya hana ni barci shi ne wutar gaz. Shuɗin harshen nan na ƙasan tukunya, in ka kashe fitila ka leƙa shi ta akwatin, ba bakan gizo cikakke za ka gani ba. Gungu-gungu ne, mafi ƙarfi kore, wajen nanomita 516 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kowane launi da lambarsa). Hasken ƙwayoyin karbon ne guda biyu a manne, C2. Gungun nan ne Donati, wani masanin taurari ɗan Italiya, ya fara gani a jikin tauraro mai wutsiya a 1864, gungu uku, bai san ko na mene ne ba. A 1868 wani masanin, Huggins, a Ingila ya gwada su da hasken iskar gaz mai karbon, ya ga abu ɗaya ne. Wato koren da ke kan tauraron, ga shi ƙarƙashin tukunyar miyar kuka! Kuma ka lura a hotuna, koren ba ya kai wa wutsiya: hasken rana na wargaza C2 cikin kamar kwana biyu, kafin ya yi nisa.

Daga nan ne na yi ɓarna. Na barbaɗa gishiri don in ga layin sodiyom ɗin da ke cikinsa, na nanomita 589, wanda aka gani a tauraro mai wutsiya NEOWISE a 2020. Na gan shi kuwa, rawaya fau, amma ya danne komai, kuma har washegari wutar na tofar da rawaya-rawaya. Inna ta ce, "Kai Malam, ilimin naka a murhuna zai ƙare?" Na ba ta haƙuri, na wanke kan reshon da kaina.

Don haka ku fara da koren, gishiri daga baya, kuma a kan wayar ƙarfe da za ku miƙa cikin wutar, ba a kan resho ba.

Layin siyanojen, wata iska mai karbon da naitrojen da ke jikin tauraro mai wutsiya, na nanomita 388 kam ido ba ya kama shi, kamarar salulata ma ta gaza. Wanda ya taɓa ɗaukarsa a cikinku, da wace irin kamara?