Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwalabe Goma Sha Biyu

A makon jiya na tsaya a inda na shiga aji uku a sashen kimiyyar muhalli, zuciyata rabi a karatun, rabi a waje. Tun farko na gaya muku ba wannan fannin na nema ba, ba ni shi aka yi. Shekara biyu ina cin jarrabawa lafiya lau, amma da zarar wani ya ce, "To in ka gama, wane aiki ke nan za ka yi?" sai bakina ya yi nauyi. Wannan tambayar ta fi kowace jarrabawa tayar mini da hankali.

Duk shekara sashenmu kan shirya taron kwana uku a makon 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. A wannan rana ce a 1972 aka buɗe babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, taron da ya haifar da UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar, mai hedikwata a Nairobi. Mun haddace wannan tun aji ɗaya, mun rubuta shi a jarrabawa, amma taron namu na sashe ban taɓa leƙa shi ba. Hutu muke ɗaukarsa. A 2018, shekarar da Indiya ta karɓi baƙuncin bikin da taken yaƙi da sharar roba, malamin da ke koya mana gurɓatar ruwa ya ce kowa sai ya kafa fosta a kan ƙaramin bincike nasa na kansa, kuma akwai maki a kai. Makin ne ya kai ni.

Rijiyoyi goma sha biyu na zaɓa, shida kusa da wani babban juji, shida nesa da shi. Na tattara robobin ruwan sha da aka shanye, na ɗauraye su, ranar Asabar na bi rijiyoyin na cika su, na zuba a jaka. Suka kwana biyu a ɗakina cikin zafi. Sai Litinin na kai su ɗakin gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito, duka sha biyun cike suke da ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna alamar kashi ya shiga ruwa, ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu rijiya ɗaya mai kyau a cikinsu, na tsaya gaban fostata ina jin na yi abin kirki.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata dattijuwa ta iso layinmu. Tabaranta a rataye a wuya, ƙaramin littafi a hannu. Wasu fostocin kallo ɗaya take musu ta wuce. Da ta zo tawa sai ta sa tabaran, ta karanta tun daga sama har ƙasa, yatsanta yana bin layi.

"Ɗana, kai ka ɗebo ruwan nan da hannunka?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Madalla. A me ka ɗebo?"

Na faɗa mata. Ba ta ce komai ba, ta sake tambaya: "Awa nawa tsakanin ɗiba da gwaji?"

"Kwana biyu, Hajiya."

"A cikin ƙanƙara?"

Na yi shiru. Ta cire tabaran, ta matso kusa yadda abokaina na gefe ba za su ji ba. Har yau ina gode mata da wannan. Ta ce, "Abin da ka auna, ba ruwan rijiya ba ne, abin da ya hayayyafa a cikin robarka ne. Ruwan da za a duba ƙwayoyin cuta a cikinsa, a kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ake ɗibarsa, a sa a kula da ƙanƙara, a kai shi cikin awa shida. In ta yi tsanani kada ya wuce awa 24. Ka duba fostarka da kyau: na kusa da juji da na nesa duk iri ɗaya suka fito. Wannan bai sa ka tsaya ka yi tunani ba?"

Wallahi bai sa ba. Ni murnar yawan lambobin nake yi.

Sai ta faɗi maganar da ta zauna mini a rai. Ta ce da a wurin aiki ne na sa hannu a irin wannan sakamako, za a iya rufe wa mutane rijiyar da ba ta da laifi, ko a ɗora wa wani asarar da bai ci ba. "Mutane ne a bayan kowace lamba," in ji ta. "Je ka sake. In ka sake, ka neme ni." Ta miƙo mini katinta.

Da rana na ga an kira ta kan mumbari. Ashe ita ce babbar baƙuwa, shugabar wani kamfanin ba da shawara kan muhalli. Da a ce kunya na bi, da na sulale na koma ɗaki. Na zauna a layi na uku, na buɗe littafi.

A ranar na fara jin bayanin aikin da ake kira EIA daga bakin wanda ke cin abinci da shi, wato nazarin tasirin da babban aiki zai yi ga muhalli kafin a fara shi. A aji mun san tarihinsa: Amurka ce ta fara wajabta shi da dokar muhalli ta 1969, sannan sanarwar taron Rio na 1992 ta yi kira ga ƙasashe su ɗauke shi, yanzu kuma da wuya ƙasar da ba ta da irin dokar. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda ranar aiki take. Ta ce kafin a gina madatsar ruwa, ko babbar hanya, ko masana'anta, sai ayari ya fita ya ɗauki hoton wurin kamar yadda yake: ruwa, ƙasa, iska, ƙara, itatuwa da dabbobi, da mutanen da ke rayuwa a wurin. Wani yana ɗibar samfuri, wani yana riƙe da na'urar GPS, wani yana zaune da dattawan gari da mata da matasa yana jin abin da suke tsoro. Daga nan a dawo a zauna makonni ana rubuta rahoto. Ta ƙara da cewa ko da dokar ƙasa ta yi sanyi, masu ba da bashi ba sa sanyi. Bankin Duniya da IFC, reshensa mai ba kamfanoni masu zaman kansu bashi, suna da sharuɗɗan muhalli da zamantakewa, manyan bankuna da dama kuma sun bi sahu tun 2003. Duk mai neman kuɗinsu sai ya kawo rahoton. A nan aikin ’yan fanninmu yake ɓuya, shi ya sa ba kasafai ake ganinsa a tallan neman ma'aikata ba.

Wani ɗan aji huɗu ya tashi ya tambaye ta me take dubawa in za ta ɗauki sabon ma'aikaci. Ta ce kwalin digiri kowa ya zo da shi. Ita tambaya uku take yi: ka iya ɗibar samfuri yadda ba za a yi jayayya da shi ba, ka iya haɗa taswira a kwamfuta, ka iya rubuta shafi biyu da injiniya da mai unguwa duk za su fahimta? Na dubi littafina. Ko ɗaya ban iya ba, ga ni kuwa cikin na gaba-gaba a ajinmu. Ba na zargin malamaina, sun ba mu tushe, kuma ba a gini ba tushe. Sai dai a ganina kuskure ne babba ɗalibi ya shekara huɗu a wannan fanni bai taɓa zama gaban mai aikin ya ji me ake nema ba, alhali duk shekara ana kawo masu aikin har ƙofar ajinsa.

Sauran baƙin sun yi maganar aikin hukumomin sa ido na gwamnati, da sashen lafiya da kare muhalli a masana'antu, inda sanin ISO 14001, ma'aunin ƙasa da ƙasa na kula da muhalli, ke da amfani, da ƙungiyoyin samar da ruwa da tsafta. Wata malama ta ja hankalin masu hangen digiri na biyu a waje cewa tallafin Chevening na Birtaniya yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, haka ma shirin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan raya ƙasa. Ashe ko karatun gaba ma ta ƙofar aiki ake shigarsa.

Rana ta uku aka yi bitar taswira. Mu kusan talatin, kwamfutoci ba su kai mu ba, uku-uku muka zauna. Mai koyarwar ya buɗe QGIS, manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta, ya ce taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 an buɗe hotunan kyauta ga kowa. Ya jera mana hotunan Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya na shekaru daban-daban, tekun da ya janye bayan an karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga. Yana danna madanni, shuɗin yana tsukewa, farin gishiri yana cin wurinsa. Ajin ya yi tsit. Sau nawa na karanta wannan a littafi, amma ban taɓa ganinsa yana faruwa a gaban idona ba. A daren na sauke manhajar a tsohuwar kwamfutar abokin ɗakina.

Sati biyu bayan haka na koma rijiyoyin. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya taimake ni muka dafa kwalaben gilashi a tukunyar tururi, digiri 121 na minti 15. Na ari kula, na cika ta da ƙanƙara, na fita da asuba. Kowace rijiya na auna zafin ruwanta da tsaminsa a bakinta, na rubuta lokaci, na ɗauki lambobin GPS na wurin. Na kuma tafi da kwalba ta goma sha uku mai ɗauke da tsarkakakken ruwa, wadda ta yi yawon tare da sauran, domin in ita ma ta gurɓace, to hannuna ne ba rijiya ba. Kafin azahar duk suna kan teburin gwaji.

Ta goma sha ukun ta fito tas. Yawancin rijiyoyin nesa ma suka fito tas. Na kusa da jujin ne suka nuna matsala. Rijiyoyin da na yanke wa hukunci da manyan baƙaƙe a gaban jama'a, ashe kusan rabinsu ba su da laifi.

Na haɗa taswirata ta farko, karkatacciya amma tawa, na rubuta shafi biyu, na kira lambar da ke kan katin. Hannuna na rawa. Ta ɗauka, na fara gabatar da kaina, sai ta katse ni.

"Mai robobi ne? Ka sake?"

"Na sake, Hajiya."

"To kawo in gani. Kuma yaushe za ku yi dogon hutu? Kana da takalmin shiga daji?"

Ba ni da shi. Yadda na samo shi, da abin da na tarar a fitata ta farko da ayarinta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.