Abin da adafta mai bolt 9 ta koya mini

Na ajiye aikin kula da sauti a wajen da na daɗe ina yi, kuma har yau maganar wasu tuwitoci biyu da suka ƙone, wato ƙananan lasifikokin da ke fitar da siririn sauti, tana ci mini rai.

Ƙaramar mikisar da muke haɗa makirfo na ganguna a kanta an ƙera ta ne don wutar bolt 18. Adaftarta ta ɓace, sai Oga ya kawo wata mai bolt 9, ya ce ai fitila ta kama, me kuma ake nema. Na ce, “Yallaɓai, sautin zai fashe.” Ya ce surutu ya yi mini yawa. A daren, duk lokacin da mai ganga ya sauke hannu da ƙarfi sai sauti ya dakushe yana ƙarƙara. Na rage amfilifaya, bai daina ba, domin ɓarnar ta riga ta faru tun cikin mikisa. Tuwita biyu suka ƙone, aka cire kuɗinsu daga albashina, aka ce ban iya saita sauti ba.

Sigina ba ta iya wuce wutar da ke ciyar da na'ura. Kuma ƴan guntayen da ke ƙara sauti, irin su TL072 da NE5532, ba sa kaiwa ƙarshen wutar, suna barin wajen bolt ɗaya da rabi a sama, haka ma a ƙasa. A bolt 18, sigina tana da kusan bolt 15 na lilo daga ƙololuwa zuwa ƙasa. A bolt 9 kuwa, 6 kacal suka rage. Ka ga an raba wuta biyu amma asarar ta haura rabi, kusan dB 8 ke nan a ma'aunin ƙarfin sauti. Matakin da kayan ƙwararru ke aiki a kai shi ne +4 dBu a ma'aunin ƙarfin sigina, wato bolt 1.23 a matsakaicin awo, ba daga ƙololuwa zuwa ƙasa ba, ita kuwa mikisar nan a bolt 9 tana tsayawa ne ƙasa da +9 dBu. Sararin da bai kai dB 5 ba ina zai ɗauki bugun ganga, wanda kan yi tsalle nesa da matsakaicin sauti? Shi ya sa manyan mikisoshi ke aiki da bolt 15 ta kowane ɓangare, sama da ƙasa, 30 ke nan jimilla, suna kaiwa wajen +21 dBu kafin sauti ya fashe. Idan aka yanke kan sigina, sautuka masu kaifi ne ke ƙaruwa, kuma kai tsaye tuwita suke nufa.

Na zana wa Oga wannan lissafi a takarda. Bai ko duba ba.

Tun daga nan, kafin in taɓa kowane maɓalli sai na ɗora mita a kan wuta, kuma ina aunawa ne yayin da na'ura ke aiki, saboda adafta mai rauni takan nuna daidai idan ba a ɗora mata kaya ba. Doguwar waya siririya ma tana zubar da wuta, ƙarfin amfilifaya kuwa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi. Ba kowace na'ura ake ƙara wa bolt ba: kafasita, wato ƴar aba mai riƙe caji a cikin na'ura, idan ta bolt 16 ce ba ta jure 18.

Wanda zai gaje ni, ka nemi a rubuta a takarda cewa ka yi gargaɗi. Adaftar mai bolt 9 tana nan a akwatin wayoyi, na naɗa mata jan tef.